Daren da muka ƙi buɗe wa yaro ruwa a guje: nazarin lamarin wani yaro mai maleriya mai tsanani a Jos

Watan Agusta ne, irin ranakun nan na Jos da ruwa ke wuni yana tsiyaya har dare, sanyi ya bi ya shiga ƙashi. Ina aikin kwana a ɗakin gaggawa na yara, ni da nas biyu, wajen ƙarfe tara aka shigo da shi. Yaro ɗan shekara 3, kilo 12, kakarsa ce ta goyo shi, baban na biye da baƙar leda cike da kwalaben sirop, uwar tana gida da ɗanyen jego. A Keke suka taho daga wajen Rikkos, zanin goyon ya jiƙe sharkaf.

Kwanansa 4 da zazzaɓi. Sati biyu kafin nan sun je biki Wase shi da kakar, sun kwana biyar ba gidan sauro. Mu mutanen Jos muna da wani zato wai sanyin tsauni na kare mu daga maleriya tunda garin na sama da mita 1,200, to a cikin garin ma ana kamuwa, balle wanda ya gangara ƙasan Filato, su Wase, Langtang, Shendam, inda zafi yake sauro kuma ke cin karensa ba babbaka. Sun je kemis an ba shi farasitamol da sirop kala uku, an yi masa allura biyu da baban bai san sunansu ba. Tun la'asar ya yi jijjiga sau biyu, shi ne hankalinsu ya tashi.

Da muka kwance shi daga goyo jikin ya saki kamar tsumma, ba ya iya zama, in na matsa masa farce yana janye hannu ya ɗan yi kuka amma bai gane kakarsa ba. Zafin jiki 39.4. Tafin hannu da cikin fatar ido fari fat. Numfashin ne ya fi ɗaga min hankali, mai zurfin nan kamar wanda ya hau dutsen Shere da gudu, alhali da na saurari ƙirjin babu wata ƙara, irin wannan numfashi yawanci alama ce jini ya yi tsami. Zuciya na bugawa 168 a minti ɗaya, da sauri sosai amma da ƙarfinta a ƙarƙashin yatsana. Hannu da ƙafa kuwa sanyi ƙalau. Na danna farcen babban yatsansa na saki, jan ya ɗau kusan sakan 3 kafin ya dawo. Gwajin maleriya na tsinke ya fito da layi biyu tun kafin mintunan su cika, suga 2.0, ya yi ƙasa sosai, PCV kuma, wato awon yawan jini, 14, shi ma ƙasa sosai.

Kafin in ɗago kai Sista, babbar nas ɗinmu, ta riga ta sa kanula a jijiya, ta rataye ledar salin, ruwan gishirin nan na ƙarin ruwa, yatsanta na kan abin murzawar tana kallona. Tace dokta in buɗe? Kakar kuma daga bayana tana cewa 'yar nan don Allah ku sa masa ruwa, ku taimaka ku sa masa ruwa. Duk wanda ya yi aikin asibiti a Arewa ya san matsayin ƙarin ruwa a zuciyar mutanenmu, in ba a rataya leda ba to kamar ba a fara magani ba. Kuma ba su kaɗai ba, mu ma haka aka koya mana, yaro mai zazzaɓi da sanyin hannu da saurin bugun zuciya ka zuba masa mil 20, wato mililita, kan kowane kilo a guje, in bai farfaɗo ba ka ƙara. A wannan yaron mil 240 kenan, kusan rabin ledar fiya wata, cikin awa ɗaya ko ƙasa da haka. Sista ta girme ni a aiki da shekaru masu yawa, ta sha ganin yaran da aka yi wa haka suka tashi, ni ma na gani, wallahi hannuna ma can yake son zuwa.

Abin da ya tsayar da ni wani bincike ne da ake kira FEAST, wanda muka tattauna a taron safe na sashenmu watanni kaɗan kafin nan. An yi shi a asibitoci 6 a Uganda da Kenya da Tanzaniya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kathryn Maitland, an fara a Janairun 2009, ya fito a mujallar New England Journal of Medicine a 2011. Yara 3,141 ne, daga 'yan wata biyu zuwa shekara 12, duk masu zazzaɓi mai tsanani da alamun jini ba ya zagayawa yadda ya kamata. An raba su gida uku ta hanyar ƙuri'a, wato ba likita ke zaɓar wa zai samu me ba, don kada son zuciya ko tausayi ya sa a tura masu tsananin ciwo gefe ɗaya. Gida na farko an zuba musu ruwan albumin, wani furotin da ake cirewa daga jini, a guje, na biyu salin a guje, na uku ba a zuba ba, an dai bar musu ruwan nan mai ɗiga a hankali na yau da kullum. Sauran magani kowa ya samu, maganin maleriya, maganin ƙwayoyin cuta, jini ga mai buƙata. Su kansu masu binciken sun shiga ne da tunanin za su tabbatar ruwan na ceton rai, tambayarsu ma har da wane ruwa ya fi. Sai ga shi cikin awa 48 kashi 10.6 cikin 100 na 'yan albumin sun rasu, kashi 10.5 na 'yan salin, na waɗanda ba a zuba wa ba kuma kashi 7.3. Kwamitin da ke sa ido ya ce a tsaya a Janairun 2011 tun ba a kai adadin yaran da aka yi niyya ba. In ka lissafa, duk yara wajen 30 da aka zuba wa ruwan a guje, akwai ɗaya da ya tafi wanda da an bar shi da ya rayu.

Akwai wani sashe na binciken nan da har yau in na tuna jikina yakan yi sanyi. Da suka koma suka sake duba bayanan a 2013, sun ga cewa a awar farko yaran da aka zuba wa ruwan sun fi nuna alamun sauƙi, hannu ya ɗumama, bugu ya gyaru, sai daga baya zuciya da jijiyoyin jini su durƙushe. To ka ga likitan da ke tsaye bakin gado abin da zai gani da idonsa shi ne ruwa ya yi aiki, zai rubuta a fayil ya wuce gado na gaba, in yaron ya rasu da asuba sai a ce ai ciwon ne ya ci ƙarfinsa, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Cikin yara 100 da aka zuba wa, kusan 90 za su koma gida. Wane likita ne, ko shekara 30 ya yi yana aiki, zai iya bambance rasuwar 10 da rasuwar 7 da idonsa, a tsakiyar dare, yara na shigowa ɗaya bayan ɗaya kowa da nasa ciwon? Sai an tara dubbai an raba su da ƙuri'a an ƙirga sannan abin ke fitowa fili. Shi ya sa ban ga laifin Sista ba ko kaɗan, abin da idonta ya gani gaskiya ne, amma awar farko kawai ido ke iya kamawa.

Nace Sista ɗan dakata, a fara da suga. Muka tura masa ruwan gulukos mai kashi 10, mil 5 kan kowane kilo, mil 60 kenan, aka sa masa iskar oksijin, muka cire jiƙaƙƙun kayan muka rufe masa hannu da ƙafa da busasshen zani, na kira Chif a waya, likitan da ke sama da ni a daren. Bai ce min buɗe ko kar ki buɗe ba, tambayoyi ya jero min. Yana gudawa? Nace a'a, amai sau ɗaya ne da rana. Kin auna damtsensa? Na ɗauko tef ɗin nan mai launi uku, santimita 14, kore, ƙafa ba kumburi, ba tamowa. Alamomin nan uku duka sun haɗu? A nan yake nufin jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2016, wadda ta ce yaron da za a ba ruwa da ɗan sauri shi ne wanda ya haɗa sanyin hannu da ƙafa, da jan farce da ya wuce sakan 3 bai dawo ba, da bugu mai sauri kuma maras ƙarfi, shi ɗin ma mil 10 zuwa 20 kan kilo cikin minti 30 zuwa 60 ana dubawa, mai alama ɗaya ko biyu kuwa kada a zuba masa a guje. Nace bugun da ƙarfinsa. Yace yaron da aka ɗauko a Keke cikin ruwan Agusta a Jos ko lafiyarsa ƙalau hannunsa zai yi sanyi, ki sake dubawa bayan minti goma. Na sake dubawa, tafin hannun ya fara ɗumi, farce na dawowa a sakan 2, ƙafafun dai da sauran sanyi.

Tambayoyin Chif duk abu ɗaya suke nema, shin yaron nan yana cikin irin yaran da aka yi binciken a kansu? Kuma yana ciki tsundum. Fiye da rabin yaran FEAST maleriya gare su, kusan kashi ɗaya bisa uku jininsu ya yi ƙasa sosai, asibitocin kuma irin namu ne, babu injin numfashi da za a jona yaro in abu ya ɓaci. Littattafan da muka karanta a makaranta yawancinsu daga Ingila da Amurka aka rubuto ƙa'idojin ruwan, inda akwai ɗakin kulawa ta musamman a bayan ƙofa kuma ba maleriya ce ke kawo yaransu ba. Muka saita ruwan a kan mil 44 a awa, ɗigo ɗigo, mai ɗauke da suga.

Maganin maleriyar kansa bai ɗau mu muhawara ba, atesunet ta jijiya. Yaron da bai kai kilo 20 ba mil-giram 3 ake ba shi kan kowane kilo, nasa 36 kenan, yanzu, sai bayan awa 12, sai bayan awa 24. Amma ya kamata a tuna wannan ma ba daga sama ya faɗo ba, shekara da shekaru kwinin ake ɗurawa, da wahalar lissafin ɗigonsa na awa huɗu da yadda yake kayar da suga. Binciken AQUAMAT ne da ya fito a mujallar Lancet a 2010 ya juya lamarin, yara 5,425 a ƙasashen Afirka 9, har da mu, a Ilorin aka yi namu ɓangaren. Kashi 8.5 na 'yan atesunet suka rasu, kashi 10.9 na 'yan kwinin, a 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da atesunet zaɓin farko ga yara. Mun haɗa masa da allurar seftiriyazon, maganin ƙwayoyin cuta, don yaron da hankalinsa ya gushe ga zazzaɓi ba za ka rantse ba sanƙarau ko wata ƙwayar cuta a jini tare da maleriyar ba.

Abin da yake buƙata a jijiyarsa da gaske jini ne. PCV 14 ga numfashi mai zurfi ga gushewar hankali, wannan ba jira. Baban bai yi gardama ba, ya naɗe hannun riga ya bi ɗan aike zuwa ɗakin jini, aka samu wanda ya dace a firji shi kuma ya ba da nasa a madadi. Nawa za a sa? Nan ma akwai binciken TRACT na 2019 a Uganda da Malawi, yara kusan 4,000, sun gwada mil 20 da mil 30 kan kilo, suka ga yaran da ba su da zazzaɓi mil 30 ya fi musu, masu zafin jiki sama da 37.5 kuwa mil 20 ya fi. Namu jikinsa zafi rau, sai muka tsaya a 20. Mil 240 dai, daidai adadin salin ɗin da muka ƙi zubawa, amma jini, a hankali cikin awa huɗu.

Wajen sha ɗaya aka shigo da wata yarinya 'yar shekara 2 aka kwantar a gadon da ke kusa da nasu. Gudawa da amai tun jiya, ido ya faɗa, na ja fatar cikinta ta tsaya kamar ƙullin leda, ko ruwan gishiri da suga ba ta iya haɗiya. Na auna damtse, ba tamowa. Nan take nace Sista buɗe Ringa, wani ruwan ƙari irin salin, har ƙarshe, mil 30 kan kilo cikin rabin awa, sannan 70 cikin awa biyu da rabi. Ita ruwan jikinta ne ya tsiyaye, mayar mata za a yi, kuma FEAST tun farko bai ɗauki masu gudawa ba, bai ɗauki masu tamowa mai tsanani ba, haka masu ƙuna ko zubar jini. Wanda ya haddace cewa ruwa na kashe yara kawai bai karanta su waye aka cire daga binciken ba, zai iya barin irin wannan yarinya ta bushe a gabansa yana ganin kimiyya yake bi, wannan kuwa ya fi ba ni tsoro ma a kan mai zuba wa kowa ruwa a guje.

Kakar tana zaune tana kallon ledoji biyu, ta maƙwabta na zuba shaa, ta jikanta na ɗiga kamar mai jin ƙyashi. Ta kama gefen rigata tace likita, ko don mu ba mu biya da yawa ba ne? Maganar nan ta soke ni. Na jawo kujera na zauna, nace Hajiya wallahi ba zancen kuɗi ba ne. Waccan yarinya tulunta ne ya tsiyaye shi ya sa muke cikawa da sauri. Jikanki ruwan jikinsa na nan, jininsa ne zazzaɓi ya cinye, kin san kunu in ya riga ya tsinke ba a ƙara masa ruwa, gasara ake nema. Nace an taɓa gwada wannan a kan yara sama da dubu uku masu irin ciwonsa, waɗanda aka zuba wa ruwa da sauri sun fi rasuwa, shi ya sa nake riƙe hannuna, ga jini nan tafe. Ta yi shiru tana jan carbi, can tace to Allah Ya sa hakan shi ne alheri, ke dai kada ki yi nisa. Nace ina nan Hajiya.

Sai ga ta ta zaro wata 'yar gora daga jaka, rubutu ne malaminsu ya bayar, tana so ta ɗura masa. Ban ce mata ta zubar ba, ba hurumina ba ne kuma ban ga dalili ba. Nace Hajiya yanzu maƙogwaronsa bai san hanya ba, ko zamzam aka ɗura zai iya sarƙe shi ya wuce huhu, ki shafa masa a kai da ƙirji ki yi masa tofi, in ya farka ya fara haɗiya da kansa sai mu yi magana. Ta yarda. David Sackett, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa wannan tsari na bin hujjar bincike a jami'ar McMaster ta Kanada, tun a rubutunsa na 1996 ya nanata cewa hujja ita kaɗai ba ta yanke hukunci, sai an haɗa da ƙwarewar mai duba maras lafiya da abin da shi maras lafiyan da mutanensa suka ɗauka da muhimmanci. Da na yi mata tsawa kan gorar nan na tabbata da na juya baya za ta ɗura a ɓoye, ko kuma gari na wayewa su sa hannu su tafi da shi.

Daren bai zo da sauƙi ba. Wajen ƙarfe biyu ya sake jijjiga, muka ba shi dayazifam ta tsaya, muka duba suga ya sauko 2.8 muka ƙara masa. Duk rabin awa Sista na ƙirga numfashi da bugu tana rubutawa, ita da kanta ta riƙa ɗaga masa ƙafa tana taɓawa, ni kuma gaskiya duk lokacin da na kalli ledar salin ɗin nan sai zuciyata ta ce anya kuwa. Jini ya ƙare wajen uku da rabi. Da aka kira assalatu numfashin ya lafa, bugu ya sauko 138, ƙafa ta yi ɗumi. Da hantsi ya buɗe ido ya bi kakarsa da kallo, bayan allura ta biyu ya fara kuka sosai yana ture hannun nas, washegari ya karɓi kunu da cokali. PCV ya hau 23.

Tashin da ya yi ba shi ne ke nuna mun yi daidai ba, wannan nakan faɗa wa ƙannenmu masu zuwa koyon aiki. Da mun zuba masa ruwan mai yiwuwa ya tashi ɗin ma, da kuma Allah Ya karɓi abinsa a daren bayan duk abin da muka yi, shawarar hana ruwan tana nan daidai bisa abin da muka sani a lokacin. Yaro ɗaya ba ya zama hujja, abin da muka yi kawai mun ajiye shi a layin da rasuwa ta fi ƙaranci.

Bayan allura ta uku baban ya zo yana so a sallame su, kuɗin gado na taruwa ga mai jego a gida ga shagonsa a Terminus a rufe. Muka zauna da shi nace Malam allurar nan ta karya lagon ciwon ne ba ta ƙarasa shi ba, saura ƙwayar atimita da lumefantirin ta kwana uku, guda ɗaya safe ɗaya dare, a ba shi da madara ko abinci mai ɗan maiƙo don ta shiga jiki sosai, in ya amayar cikin rabin awa a sake ba shi. Muka yi yarjejeniya su ƙara kwana ɗaya mu ga ya riƙe ƙwayar, sauran ya ƙarasa a gida, da sharaɗin su dawo bayan sati ɗaya da kuma sati biyu a duba jini, saboda wasu bayan atesunet jininsu kan sake fashewa tsakanin kwana 7 zuwa 21, in suka ga fitsari ya yi baƙi kamar shayi ko ido ya yi ɗorawa kada su jira ranar. Aka ba su gidan sauro mai magani.

Satin farko ba su zo ba, na kira lambar da ke fayil sau biyu ba ta shiga. Ranar kwana 14 ina asibitin yara na safe sai ga kakar ta leƙo, yaron na riƙe da gefen hijabinta yana tafiya da ƙafarsa, da hular sanyi har kunne. PCV 29, fitsari garau, yana gane kowa, magana ta dawo. Na tambaye ta gidan sauron, tace an ɗaura, shi da jaririyar da uwar duk a ciki suke kwana. Ta tambayi yarinyar nan ta gadon kusa, nace ai ita kwana biyu ta yi aka sallame ta. Ta ajiye min ƙullin dankalin Turawa a ƙarƙashin tebur tace a raba da Sista, na rubuta musu ranar dawowa bayan wata ɗaya a bayan katin.